Ragon da ya daina tuƙa

Wata uku kafin Babbar Sallar bara na tafi kasuwar dabbobi ta Tulaku da ke Ashaiman, kusa da Accra, na sayo rago, da niyyar in kiwata shi da kaina a gidanmu na unguwar Nima, domin in an bari Sallah ta matso kuɗinsa sai ya fi ƙarfina. A Accra aka haife ni, kuma ban taɓa kiwo ba.

Makonnin farko ciyawa nake saya masa, in haɗa da busasshen ɓawon rogo. Bayan isha'i sai in tarar da shi kwance, ido a lumshe, yana ta tauna alhali babu komai a gabansa. Na san ana ce wa wannan tuƙa, amma ban taɓa tambayar amfaninta ba.

Gaggawa ce ta ja mini. Ina so ya yi ƙiba, sai aka yi suna a gidan, aka bar ragowar tuwo da shinkafa da dokunu rabin roba. Na juye masa duka, na ƙara da kwanon masara. Ya cinye tas. Washegari ya ƙi taɓa ciyawa, ya tsaya kai a sunkuye, kwiɓinsa na hagu ya tashi, kashinsa ya koma ruwa mai warin tsami.

Na kira kawuna, ƙanin mahaifiyata, wanda ya tsufa a fawa. Bai tambayi abin da ragon ya ci ba, cewa ya yi, "Ɗana, rabonsa da tuƙa tun yaushe?" Na ce tun jiya ban gani ba. Ya dunƙule hannu ya danna ramin kwiɓin hagu, ya jira. Ya ce a dabba mai lafiya za ka ji tumbi ya motsa ya ture hannunka sau ɗaya ko biyu cikin minti guda. Wannan kuwa shiru. Ya ce maza in nemo likitan dabbobi.

Likitan ya ɗura masa maganin kashe tsami, ya hana hatsi gaba ɗaya, ya ce busasshiyar ciyawa da ruwa kawai. Sannan ya yi mini bayanin da ya sauya mini tunani. Rago ba ya narkar da ciyawa da kansa. A cikin tumbinsa akwai ƙananan halittu bila adadin waɗanda ido ba ya gani, su ne ke ruɓar da ciyawar, abin da suka fitar kuma jikin tumbin ya tsotsa ya zama ƙarfi da kitse. Idan aka zuba musu hatsi mai yawa lokaci guda, tsami sai ya yi yawa ya kashe masu aikin ciyawar, tumbi ya tsaya cak. Tuƙa kuwa aiki biyu take yi. Dabbar kan haɗiye ciyawa da sauri ba tare da ta tauna sosai ba, in ta natsu ta dawo da ita baki curi-curi ta niƙa. Taunar nan ce ke kawo yawu, yawun kuma yana da sinadari irin na kanwa mai kwantar da tsami. Saniya mai lafiya takan kwashe kusan awa 8 a rana tana wannan aiki. Iskar da ruɓewar ke haifarwa ta gyatsa take fita, in ta kasa fita sai kumburi.

A dare na uku na fito da tocila. Na ga curin ya hau ta wuyansa, muƙamuƙinsa ya fara juyawa gefe-gefe. Na daɗe a tsaye ina kallo, ina hamdala.

Daga nan na koma ba shi ciyawa da farko, dusa daga baya, ita ma da cikin tafin hannu na fara ina ƙarawa a hankali cikin mako biyu. A ganina yawancinmu a zango da ƙauna muke cutar da dabbobinmu, don mun ɗauka abin da ke ƙosar da mutum shi ke ƙosar da rago.

Ranar layya Kawu ya ƙi bari yara su wanke kayan ciki sai da ya shimfiɗa mini su a faifai. Cikin rago kashi huɗu ne. Ga tumbi, babban buhun da mahauta a nan ke ce wa tawul saboda gashin-gashin cikinsa. Manne da shi ga mai zanen saƙar zuma, inda ƙusa ko waya kan maƙale in dabba ta haɗiye. Na uku shafi-shafi ne kamar littafi, shi ke tsotse ruwa. Na huɗu mai santsi shi ne ya yi kama da cikin mutum, kuma can nono ke zarcewa kai tsaye a cikin ɗan rago mai shan mama. Ya buɗe mini bakin ragon ma: babu haƙoran gaba a sama, sai dasashi mai tauri. Haka saniya da akuya da barewa da ɓauna da raƙumin dawa suke. Raƙumi yana tuƙa, amma cikinsa kashi uku ne. Doki da jaki ba sa yi sam, su a hanjin baya ciyawarsu ke ruɓewa.

Da ya zazzage tumbin, sai ga dunƙulen baƙar leda kamar girman lemo, ta cuɗe da igiya. Kawu ya ce ya sha ciro wadda ta cika bokiti daga cikin saniya, irin dabbobin da ke kiwo a bola suna ramewa masu su na zargin sammu. Ragon bana tun ranar da na kawo shi na share wurin da zan ɗaure shi, na kuma roƙi matan gida kada a jefa masa komai a cikin leda.