Abin da zaman jami'a ya koya min game da zaɓen banki

A makon rajista, ma'aikatan bankuna sukan kafa rumfuna a harabar jami'a, suna raba riguna da birurruka, suna kiran sababbin ɗalibai su buɗe asusu nan take. Wanda ya fito daga sakandare gani yake duk bankin ɗaya ne. Shekarun da na yi a jami'a a Samaru, Zariya, sun nuna min cewa kafin ka cike fom, sai ka fara tambayar kanka: daga hannun wa kuɗina zai taso, kuma ta ina zai iso gare ni?

Yawancinmu daga gida ake turo mana. Baba ya je wurin mai POS ranar kasuwa ya aiko, kai kuma kana jira ko garin kwaki ba ka da shi. Ranar da kuɗin ya maƙale, ko na'urar cire kuɗi (ATM) ta riƙe maka kati, ko aka cire kuɗi a asusunka ba ta ba ka ba, dole ka je reshe da ƙafarka. Idan reshen yana cikin gari, ka yi asarar lacca da kuɗin mota. Shi ya sa nake fifita bankin da ke cikin makaranta ko bakin ƙofarta, wanda kuma lambarsa ta waya, irin su *737# ko *894#, take aiki a ƙaramar waya ba sai da data ba. A ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, waɗanda suka iya tura kuɗi ta waya su ne suka ci abinci a kan lokaci.

Sai ƙananan cire-cire, waɗanda ba wanda zai yi maka bayaninsu a rumfa. Tun Maris 2025, cire kuɗi a na'urar wani banki naira 100 ne a kan kowace 20,000, kuma ko dubu biyar ka cire sai ka biya ɗarin nan. Ga kuɗin saƙon tes, ga na kati. Mai albashi ba zai ji ba, amma ga mai lissafin kuɗin kwafin takardun lacca, ba ƙaramin abu ba ne. Asusun ajiya ya ishi ɗalibi. A tambaya kuma ko asusun yana da iyaka, domin na matakin farko, wanda ake buɗewa cikin sauri, ba ya riƙe fiye da naira 300,000, kuma ba ya karɓar fiye da 50,000 a shiga ɗaya. Kawu zai iya turo kuɗin rajista a dunƙule, kuɗin ya ƙi shiga.

Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne matsalar suna. Mu Hausawa, mutum ɗaya yana iya zama Muhammad a takardar JAMB, Mohammed a NIN (lambar shaidar ɗan ƙasa), Muhammadu a BVN (lambar tantance mai asusun banki), wani wurin ma da sunan garinsu a ƙarshe. Da aka fara ba da bashin karatu na NELFUND a 2024, wanda ke tura naira 20,000 duk wata asusun ɗalibi, na ga abokai suna ta zirga-zirgar gyaran suna alhali wasu sun fara karɓa. Ƙanena, ka daidaita sunayen nan tun kana gida, kuma kada ka dogara da asusun yayanka ko na abokin ɗaki.

Mai gudun kuɗin ruwa yana da mafita: akwai bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, da TAJ a 2019. Manhajojin ajiye kuɗi na waya kuwa suna da sauri, ni ma ina amfani da ɗaya, amma a matsayin asusu na biyu, kuma sai na tabbatar hukumar inshorar ajiyar banki, NDIC, tana lamunce ajiyar da ke cikinta. A Yunin 2024 Babban Banki ya soke lasisin bankin Heritage, kuma NDIC ce ta biya masu ajiya har naira miliyan 5 kowanne, ta hanyar lambar BVN ɗinsu.