Yadda Na Riƙa Ɓatar da Hujjata a Tsakiyar Jimla

Ƙannena da ke jami'a, a shekarata ta farko nakan zauna rubuta jinga da Turanci, hujjata tana nan sarai a kaina. Sai in rubuta kalma biyar in tsaya: "has" ne ko "have"? In ɗauko ƙamus, in goge, in sake. Kafin in dawo, abin da nake son faɗa ya gudu, sai rabin jimla tana kallona. Na daɗe ina zargin kaina da daƙiƙanci.

Ashe lodi na yi wa abin da masana ke kira ƙwaƙwalwar aiki, wato ɗan wurin da hankali ke riƙe abu na ɗan lokaci yana juya shi. Alan Baddeley da Graham Hitch ne suka fayyace tsarinta a 1974. Wurin kuwa ƙarami ne ƙwarai. A 1956 George Miller ya ce abu bakwai take ɗauka, ko sama ko ƙasa da biyu. A 2001 Nelson Cowan ya ce kusan huɗu ne ma. Da Hausa, nahawu yana zuwa da kansa, ba ya cin wuri. Da Turanci kuwa, neman kalma da lokacin aikatau da haɗa baƙaƙe duk rububin gurbi suke yi da hujjar kanta. Ni kuma na ƙara musu da gyara. Gudu da susar katara ke nan na haɗa.

Don haka ku raba aikin. Ku fara zube hujjojinku a takarda, layi-layi, ko da da Hausa ne. Takarda ba ta mantuwa. Sannan ku rubuta Turancin a guje, kurakurai da komai. Kalmar da ta ƙi zuwa, ku ja layi ku wuce. Gyara sai washegari, in lokaci ya bari.

Kuskurena na biyu, kalma ɗaiɗai nake haddacewa. Da na koma haddace gaɓa sukutum, irin "as a result of", sai na ga kalma huɗu gurbi ɗaya take ci. Wayar hannu ma (har yau ina fama) ku kife ta, domin saƙo guda ya isa ya share abin da kuke riƙe da shi.

Jingar da na fara yi a haka, na ƙirga layuka goma sha ɗaya da na ja. Da safe na cike tara ban buɗe ƙamus ba.