Kwas ɗin kasuwancin intanet da aikinmu a Kantin Kwari

A aji uku a sashen nazarin kasuwanci muka ɗauki kwas ɗin kasuwanci ta intanet. Yawancinmu mun zaci haɗa shafi za a koya mana, sai malam ya fara da tarihi: Amazon da Jeff Bezos ya kafa a 1994, da littattafai kawai ya soma, eBay a 1995 da gwanjo, Alibaba ta Jack Ma a 1999, mai haɗa masana'antun China da 'yan sari. A gida kuma Jumia da Konga, duk a Legas a 2012. Wannan ɓangaren na jarrabawa ne, ka haddace ka wuce.

Darasin Alipay ne ya zauna min. A farkon Taobao, dandalin saye da sayarwa na Alibaba, mai saye na tsoron tura kuɗi ga wanda bai taɓa gani ba, mai kaya na tsoron sakin kayansa. Sai aka kawo Alipay, tsarin da ke riƙe kuɗin a tsakiya, ba a sakar wa mai kaya sai mai saye ya ce saƙo ya iso. Duk wanda ya tashi a Kano ya san wannan, aikin dillali ne aka ɗora wa kwamfuta. Tun daga ranar, kowane dandali aka kawo mana tambayata ɗaya ce: wa ke tsaya wa wa?

Da aka zo aikin rukuni, aka ce mu nemi ɗan kasuwa na gaske. Muka samu kawun wani abokinmu, mai sayar da shadda da atamfa a Kwari. Muka haɗa masa shafi da hotuna da farashi, har da biya da kati ta Paystack. Alhaji ya duba, ya sa mana albarka, sannan ya nuna mana wayarsa. Ashe cinikinsa ya daɗe da komawa can. Kwastoma daga Yola ko Gombe za ta ce a ɗauko mata bidiyon shaddar a rana ta ga sheƙinta, a yi tayi da saƙon murya, ta yi tiransifa, yaron shago ya kai kaya tasha, a tura mata lambar direba. Shafinmu ba shi da wurin tayi, ga shi a Kwari ba a ciniki babu "nawa ka bari?".

Inda karatun ya yi rana shi ne lissafi. Muka zauna muka fitar da abin da kowane ciniki ke ci: tallar Facebook, ɗan dako, kuɗin mota, da kayan da ake dawowa da su don launi bai yi ba. Nan muka ga dalilin da "sai kaya sun iso zan biya" ke cinye riba: in mai saye ya fasa, kuɗin mota zuwa da dawowa duk a kanka. Muka kuma kafa ƙa'ida saboda alat na bogi: ba a sakin kaya don saƙon tes, sai an buɗe manhajar banki an ga kuɗin sun shiga.

Ana cikin haka aka shiga ƙarancin kuɗi na farkon 2023, bayan Babban Bankin Najeriya ya sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000. Dattawan da a da ba sa karɓar komai sai tsaba suka koma tiransifa da POS, Moniepoint da OPay suka cika layin. Abin da tsarin rage amfani da tsabar kuɗi ya yi ta nema tun 2012, wahala ta cusa shi cikin 'yan watanni.

Shafin ya samo mana maki. Abin da Alhaji ya riƙe kuwa biyu ne: kundin kaya a WhatsApp Business, da jadawalin da ke nuna wa ya sayi me, wace shadda ce ta kusa ƙarewa. Yaron shagon ne ke cike shi kowace yamma.