Kafin ka ɗora sabon inji a tsohuwar motar Amurka

Ƙannena mazauna Amurka, musamman ku da kuka fara kama 'yan daloli kuke raba dare kuna kallon bidiyon gyaran tsofaffin motoci, da ku nake. Duk wanda ya zo mini da maganar haɗa irin motocin nan masu ƙwanji, wato tsofaffin motocin Amurka masu manyan inji da ake kira muscle cars, tambayarsa ta farko ba ta wuce inji: wanne zan saya, ƙarfin doki nawa yake bayarwa? Ni ma da ita na fara, kuma ita ta kai ni ta baro. A duk aikin nan babu abin da ya kai inji araha. Abubuwan da ke kewaye da shi su ke cinye aljihu.

Zamanin motocin bai yi tsawo ba. Galibi ana lissafa farkonsa daga Pontiac GTO ta 1964, sannan irin su Chevelle SS da Dodge Charger da Plymouth Road Runner suka biyo baya. Kafin a cika shekara goma, tsadar inshora da dokokin hayaƙi da takunkumin man fetur na 1973 sun durƙusar da kasuwar. Na asalin da suka rage yanzu kayan attajirai ne, a wurin gwanjo ake ganinsu. Hanyar mai ƙaramin ƙarfi ita ce ya nemi 'yar'uwarsu da aka ƙera da bodi iri ɗaya amma da ƙaramin inji, ya cire shi ya dasa na zamani. Ni Chevrolet Nova ta 1972 na saya, mai ƙofa biyu da silinda shida. Zaɓin bai da laifi, domin ƙashin gabanta kusan ɗaya ne da na Camaro ta farko, kayanta kuma ba su da wuyar samu. Laifin yana ga wadda na ɗauko.

A Ohio na saye ta, jihar da ake barbaɗa wa tituna gishiri duk lokacin ƙanƙara. Fentinta na ƙyalli, kuɗinta ƙasa da na sauran da na gani, mai ita kuma na cewa akwai wani da zai zo da yamma. Na zagaya ta a tsaye, ban durƙusa na leƙa ƙasanta ba. Sai da na kai ta gida na ɗaga kafet na hango simintin garejina ta ramin da ke ƙarƙashin ƙafar direba. Ƙasan but ya zama wainar tsatsa. Gefen tayoyin baya kuwa ba ƙarfe ba ne, fila aka lafta aka goge aka fesa fenti. Mafi muni shi ne inda sifirin na baya ke kama bodi, domin Nova ba ta da cikakken shasi daga gaba zuwa baya kamar Chevelle. Bodin ne ke ɗauke da kansa, idan ya ruɓe a nan to babu abin da zai riƙe ƙarfin da kake shirin ƙara mata. Kuɗin da na ba mai walda ya ninka na inji da giya a haɗe, kuma duk tsawon lokacin motar ko taku ɗaya ba ta yi ba. Araha dai ba ta ado.

Saboda haka idan za ka je duba mota, tafi da tocila da mayen ƙarfe da sukundireba, ka sa kayan da ba ka tausayinsu. Kwanta a ƙasa. Bi ƙasan ƙofofi da bakin tayoyi da mayen ƙarfen. Inda ya ƙi kamawa, fila ce. Soka sukundireba a duk inda ka ga ƙarfe ya kumbura. Duba gindin gilashin gaba da na baya, inda ruwa ke kwanciya. Idan mai mota ya hana ka ɗaga kafet, yi masa sallama. Gara ka biya kuɗin tirela a kawo maka mota mai ƙonannen fenti da yagaggun kujeru daga Arizona ko Texas, inda iska ke bushe, da ka sayi mai sheƙi daga Michigan. Kuma kada ka miƙa ko sisi sai ka ga takardar mallaka, ka gwada lambar da ke jikinta da wadda ke jikin motar. "Zan nemo maka daga baya" ba takarda ba ce.

Yanzu inji. Abin da ya sa kowa ke rububin dangin LS, wato injuna masu silinda takwas na kamfanin General Motors, a fili yake. Sun fara fitowa a Corvette ta 1997, daga 1999 kuma aka zuba 'yan'uwansu masu lita 4.8 da 5.3 da 6.0 a motocin ɗaukar kaya irin su Silverado da Sierra, sannan Tahoe da Suburban. An ƙera su da yawan gaske, shi ya sa duk filin gwangwan ɗin motoci da ka shiga sai ka same su. Mai lita 5.3 na farkon shekarun 2000 yana ba da ƙarfin doki tsakanin 270 da 295 ba tare da an taɓa komai a cikinsa ba, ya fi ninki biyu na silinda shidan da na cire, kuma yana tashi da safe cikin sanyi ba tare da roƙo ba.

Nawa na saye shi tsirara. Na ga an sa shi da rahusa, na ɗauko, ina ta murna na yi ciniki. Babu wayoyinsa, babu kwamfutarsa, babu altaneta da kik, babu ƙarafunan da ake ɗaura su, babu giya. Injin ma irin wanda toturinsa ke aiki da lantarki ne, wanda aka fara sa wa waɗannan motoci wajen 2003, ke nan sai da fedarsa da ɗan akwatin da ke tsakaninta da kwamfuta. Na shiga tsintar waɗannan ɗaya bayan ɗaya, kowanne da kuɗin aikowa, wasu su iso su ƙi dacewa saboda na wata shekara ne. A nan na koyi cewa tsofaffin jerin suna da haƙora 24 a faifan da ke gaya wa kwamfuta matsayin kiranshaf, sababbin kuma 58, kuma kwamfutar wannan ba ta jin yaren wancan. Da na ƙara kuɗi kaɗan na sayi Tahoe guda wadda aka daka ta baya, da na ji ƙarar injin da kunnena, na auna matsin baƙin mai, na kwashe komai har giyar 4L60E daga jiki ɗaya, na sayar da ƙofofi da kujeru na mayar da wani abu. Wannan ita ce shawarar da na fi so ku riƙe bayan ta bodi. Idan kuma za ka zaɓa, tsohon 5.3 ya fi sauƙin kai a kan na baya-bayan nan masu kashe rabin silinda don tsimin mai. Yawancin masu dasawa sai sun cire wannan tsarin, wani kuɗi ke nan.

Injin motar kaya ba ya faɗawa cikin Nova haka kawai. Kaskon baƙin mai da ke ƙarƙashinsa ya yi zurfi, zai zauna dab da kwalta, sai an canza shi da gajere. Manifol ɗinsa na sama dogo ne, ka auna kafin ka rufe bonet da ƙarfi. Akwai ƙafafun inji, akwai salansa, akwai farfela da za a kai a rage mata tsayi. Notocin injin na mita ne, na motar na inci, sifana biyu-biyu za ka ajiye. Sifidomita ta tsohuwar mota da waya mai juyawa take aiki, sabuwar giya kuwa siginar lantarki take bayarwa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai tayar maka da hankali shi kaɗai. Ka haɗa su a takarda ka gani.

Mai ya ba ni wuya fiye da yadda na zata. Kafiretar tsohon injin matsin da bai wuce fam (psi) 5 zuwa 7 ba take so, injin LS kuwa yana neman kusan 58. Don gudun sayen sabon tanki, na ɗaura famfo a waje na bar tsohon. Tsatsar shekaru hamsin ta taso ta toshe komai, kuma da mai ya yi ƙasa da kwata, duk kwanar da na sha sai injin ya shaƙe, domin cikin tsohon tanki fili ne, mai na gudu gefe guda famfo ya zuƙi iska. A ƙarshe na sayi tankin da aka yi don wannan aiki, mai famfo a ciki, bayan na ƙone wancan famfon. Kada ka kuskura ka sa tiyon kafireta a layin da ke ɗauke da wannan matsi. Gobara ake kira.

Ranar da muka fara tayar da injin, sai ya kama ya mutu bayan daƙiƙa biyu. Na kwance rabin wayoyin ina neman laifina, ashe kwamfutar ce ke neman makullin motarta ta asali. Tsarin hana sata ne, kuma masu saita kwamfuta na cire shi cikin ɗan lokaci. Aika musu ita tun kafin ka ɗora injin. Wayoyin da ke kai wa jikin ƙarfe kuma ka kankare fenti ka ɗaure su tam, yawancin aljanun da ake cewa sun shiga wayarin daga nan suke.

Akwai abin da nake jin kunyar faɗa, amma don shi na zauna rubutun nan. Motar ba ta ko fara tafiya ba na sayi babban kamshaf, wato sandar da ke buɗe bawul ɗin inji, don kawai ina son wannan gurnanin da ake ji a bidiyo. Kuɗin birki na kashe a kai. Nova tawa da birkin ganga ta zo a duk tayoyi huɗu, irin wanda ke laushi idan ya ɗauki zafi. Wata rana ina saukowa daga babbar hanya, na taka, feda ta nutse, motar na ta tafiya. Allah ya kiyaye babu kowa a gabana, ciyawar gefen titi ce ta tsayar da ni. Kayan mayar da birkin gaba ya zama na faifai suna nan a kasuwa, kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Sa su, da sababbin tiyo, da robobin ƙafa, da tayoyi, da bel mai kyau, tun motar na kan tsohon injinta. Idan tana tafiya da silinda shidan, ka hau ta haka na wasu watanni. Za ta nuna maka ciwonta da kanta, kai kuma kana tara kayan dashe a gefe. Motar da aka wargaza a rana ɗaya ita ce ake gani bayan shekaru an sa ta kasuwa a cikin kwalaye.

Ka kuma bincika dokar jiharka kafin ka fara. A California motocin 1975 zuwa baya ba sa zuwa gwajin hayaƙi na lokaci-lokaci, amma wata jiha da nata tsarin, har wata ƙaramar hukuma da nata. Kamfanin inshora ma ka gaya musu gaskiyar injin da ke ciki. Lissafin kuɗi kuwa, rubuta komai har noti da tiyo, sannan ka ƙara rabin jimillar a kai. Idan kana da iyali, nuna wa uwargida wannan adadi na biyu, ba na farkon ba.