Sabuwar kwamfutata da 'yar wayar da ke gefenta

Ranar Asabar ɗin da ta wuce, a hanyata ta dawowa daga Kano, tun daga Bichi har Kankiya jakar tana kan cinyata, hannuwana biyu a kanta. Yaron mota ya ce in kawo ya sa a but, na ce ya bar ta nan. Da muka kusa Charanchi wani dattijo da ke gefena ya kasa haƙuri, ya ce, "Samari, zinari ne a ciki?" Na ce, "Baba, kayan aiki ne." Ya gyaɗa kai ya ce, "To, ai ya fi zinari. Allah ya sa albarka."

Ban buɗe ta ba sai bayan sallar isha'i, a tsakar gidanmu da ke Ƙofar Marusa, kan tabarma. Inna ta miƙo hannu ta karɓa, ta ɗaga ta sama tana jin nauyinta, ta ce, "Yanzu wannan 'yar falan-falan ɗin ce ta cinye adashin shekara guda?" Na ce ita ce, Inna. Ta shafa murfin da gefen mayafinta, ta yi addu'a Allah ya sa ta mayar da kuɗinta, ya tsare ta daga hannun ɓarawo. Ƙannena suka kewaye ni, kowa yana so ya taɓa. A daren nan ban yi barcin kirki ba. Ba aiki nake yi ba, buɗe abubuwa kawai nake ina rufewa, ina mamakin yadda ba sai na jira ba.

MacBook Air ce mai M1 (sunan ƙwaƙwalwar da ke cikinta ke nan), irin wadda kamfanin Apple ya fitar a watan Nuwamba na 2020. A duniya dai ba sabuwa ba ce, kuma ta hannu na saya a titin Beirut, amma a wurina sabuwa ce dal. Na daɗe ina bincike kafin in tsaya a kanta. Babban abin da ya ja ni shi ne ba ta da fanka ko ɗaya a cikinta. Wanda bai zauna Katsina a hunturu ba ba zai gane darajar wannan ba. Kwamfuta mai fanka iska take zuƙa don ta huce, iskar nan kuwa ƙura ce zalla daga Disamba har Fabrairu. Tsohuwar tawa duk shekara sai na kai ta wurin mai gyara ya kwance ta ya hure, ka ga ƙura ta dunƙule kamar auduga a baƙin fankar. Sai kuma batir, wanda ke kai ni daga safe har la'asar, da caja mai wat 30 wadda ƙaramar sola ma tana iya ɗauka. Nauyinta bai cika kilo ɗaya da rabi ba. Na dage sai mai RAM 16 (RAM ita ce wurin da na'ura ke riƙe aikin da take kan yi), don irin wannan ba a ƙara mata daga baya, abin da ka saya da shi za ka zauna. Abin da nake jira in gani shi ne zafin Afrilu, domin wadda ba ta da fanka in ta ɗau zafi rage gudu take yi da kanta.

Duk mai shirin sayen irinta ta hannu, kada ya miƙa kuɗi sai ya ga an goge ta a gabansa, an sake kunna ta, ta hau intanet ba ta nemi asusun iCloud (asusun Apple) na wani ba, ba ta kuma nuna cewa wani kamfani ne ke riƙe da ita ba. Ya duba sau nawa batirin ya yi zagayen caji, domin Apple ya ƙiyasta masa zagaye 1,000. Awa biyu na yi a shagon ina wannan dube-duben, mai shago yana ta duba agogo, ni kuwa ko a jikina.

Tsohuwar tawa tun ina aji biyu a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa Kawu ya saya mini ita. RAM 4 gare ta, batirinta ya mutu tun kafin in tafi bautar ƙasa, ana ɗauke wuta ita ma take ɗaukewa. In na danna Android Studio, manhajar da ake gina manhajojin waya da ita, sai in tashi in yi alwala, in dawo in tarar tana nan tana nishi. Da ita na shiga aikin da nake yi yanzu, kuma da ita na yi fiye da shekara biyu a cikinsa.

A watan Fabrairu na 2023 na fara, daidai lokacin da canjin kuɗi ya ƙuntata wa kowa. Babban Banki ya sauya takardun 200 da 500 da 1,000, tsofaffin sun tafi, sababbin ba su zo ba, masu POS suna sayar da naira da naira. Kamfanin namu jariri ne, mu shida ne a ɗaki biyu saman wani shago, da tebur ɗaya dogo da janareta ƙarami. Abin da muke ginawa manhaja ce ta waya da za ta maye gurbin littafin bashin ɗan kasuwa: wa ya karɓi kaya, nawa ne, yaushe zai biya, sannan ta tura masa saƙon tuni. A watannin nan bashi ya yi yawa a kasuwa, tunda mutum yana da kuɗi a banki amma ba ya iya fitar da su, don haka muka ɗauka kasuwarmu ta buɗe.

An ɗauke ni ne a matsayin mai rubuta manhaja. Cikin mako biyu na gane cewa a irin wannan wuri suna ne kawai. Ni ne mai amsa waya in abu ya lalace, ni ke zuwa sayo fetur a galan, ni ke fassara rubutun manhajar zuwa Hausa, ni ne kuma ke bin shaguna a babbar kasuwa ina nuna wa mutane yadda ake amfani da ita. Da farko wannan na ƙarshen ya fi ci mini rai. Ina ganin ban yi shekara huɗu ina karatu don in tsaya bakin shago ina jiran Alhaji ya gama ciniki ba. Ashe karatun nan ne ya fi kowanne.

Wani Alhaji mai sayar da hatsi da man gyaɗa shi ya fara buɗe mini ido. Na nuna masa wurin sa suna, da sunan mahaifi, da lambar waya. Ya saurare ni har na gama, sannan ya jawo littafinsa daga ƙarƙashin benci, wani dogon littafi mai baƙin bango da ya sha maiƙo. Ya buɗe ya ce, "Ɗana, karanta." Ba suna ko ɗaya irin wanda muke nema. "Mai ƙosai ta bakin masallaci." "Ɗan gidan Liman, ƙaramin." "Direban Jibiya." Wasu shafukan ma da ajami aka rubuta su. Kayan kuma da tiya da buhu da kwalba aka auna su, mu kuwa mun sa kilo da lita. Ya ce, "Ni na san mutanena. In na tambayi matar nan sunan ubanta kafin in ba ta wake tiya biyu, ai na ci mutuncinta."

Na koma ofis na faɗa wa Oga. Muka cire tilascin sunan mahaifi, muka bar fili ɗaya mutum ya rubuta abin da ya ga dama, muka sa tiya da mudu da buhu. Bayan nan wata matsalar ta fito: in an ajiye suna da ɗ ko ƙ mai lanƙwasa, aka zo nema aka rubuta da d ko k, manhajar sai ta ce babu wannan mutumin. A wurin kwamfuta haruffa ne daban, a wurin mai shago kuwa abu ɗaya ne. Kwana biyu na yi kafin in sa ta riƙa ɗaukar su daidai wajen nema.

Akwai ranar da har yanzu in na tuna ta sai gabana ya faɗi. Sabis ya yi rauni a cikin kasuwa, Alhaji ya sa bashin mai ƙosan nan, ya danna wurin ajiyewa, wayar ta tsaya tana juyi. Ya sake dannawa, ya sake. Da sabis ya dawo duka ukun suka tafi, manhajar ta rubuta bashin sau uku, ta kuma tura wa matar saƙo cewa ana bin ta ninki uku na abin da ta karɓa. Ɗanta ne ya karanta mata. Washegari ta zo shagon da kuka, tana cewa shekara nawa suna hulɗa, yau shi ne zai yi mata haka. Alhaji ya kira ni, muryarsa ba faɗa a ciki, abin da ya ce kawai, "Zo ka ga aikinka."

Na je. Na durƙusa gabanta na ce, "Gwaggo, laifina ne, ba na Alhaji ba. Ni na haɗa abin." Ta dube ni ta ce, "Kai ɗan nan, ka san bashi amana ne?" Alhaji ya buɗe baƙin littafin nan ya nuna mata abin da ke rubuce, tiya biyu, kamar yadda ta sani. Littafin da muka zo mu kora shi ne ya wanke mu.

Ni na rubuta wannan ɓangaren, kuma na gwada shi ya fi sau ashirin. Amma a ofis na gwada, kusa da na'urar intanet, inda saƙo ke tafiya nan take. Ban taɓa tunanin abin da zai faru in mutum ya danna sau uku cikin rashin sabis ba. Gyaran ba shi da wuya: kowane bashi a ba shi lamba tasa tun a cikin wayar, ta yadda ko sau goma aka tura, rumbun bayananmu sau ɗaya zai karɓa. Muka kuma sake ginin gaba ɗaya, wayar ta riƙa ajiye komai a cikinta, ta tura daga baya in ta samu sabis. Ya kamata mu yi haka tun farko. A jihar nan ce fa aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 a watan Satumba na 2021 saboda matsalar tsaro. Mun sani, mun gani, amma muka gina abu kamar muna Legas.

Daga ranar nan na sayi 'yar ƙaramar waya ta hannu mai RAM 1, fuskarta a tsage, irin wadda yawancin yaran shago ke riƙewa. Duk abin da na rubuta sai ya bi ta kanta kafin ya fita.

Maganar kuɗi ma sai na faɗe ta, don masu shirin shiga irin wannan aikin. Bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, janaretanmu ya koma cin abin da ya kamata ya zama albashi. Sau biyu muka yi wata biyu ba a biya mu ba. Oga mutumin kirki ne, ya sayar da motarsa a wannan tsakanin, kuma tun farko ya ce kowannenmu yana da kaso a kamfanin. Sai dai da baki ya faɗa. Na fi shekara ina jin nauyin tayar da maganar, ina ganin kamar rashin yarda ne. Baba ne ya zaunar da ni ya ce, "Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan me ta sauka? A rubuta. Rubutu ba zargi ba ne." Na samu Oga na faɗa masa haka cikin ladabi. Ya yi shiru, sannan ya ce gaskiya ne. Cikin wata guda kowa ya sa hannu a takarda. Mutum biyu daga cikinmu sun riga sun tafi kafin nan, ɗaya Abuja, ɗaya ya koma koyarwa, kuma ba su tafi da komai a rubuce ba. Wannan yana damuna har yau.

Shawarar sayen sabuwar kwamfuta kuwa a Oktoba na 2024 na yanke ta, lokacin da layukan wuta suka lalace, yawancin Arewa ta kwana fiye da mako a duhu. Ranakun nan ina da aiki a hannu, ina da dabarar yin sa a kaina, amma in janareta ya mutu ni ma na tsaya. Watan da ya biyo baya na shiga adashi da abokan aikina.

Yanzu ga ta a gabana. Abin da tsohuwar ke ɗaukar minti goma tana haɗawa, wannan kafin in kurɓi shayi ta gama. Ina jin daɗi ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Amma tun daren farko wani tunani ya zo mini. Tsohuwar nan, da duk wahalar da ta ba ni, ta fi kusa da wayoyin mutanen da nake yi wa aiki. In na sa abu mai nauyi, ita ce ke fara kokawa, sai in rage. Wannan kuwa komai na ɗora mata za ta ɗauka ba ta ce uffan ba, sai in ɗauka lafiya lau ne, alhali can cikin kasuwa wayar wani yaron shago tana juyi, mai saye yana tsaye yana jira. Shi ya sa abu na farko da na jona mata, tun kafin in sa hoto a fuskar kwamfutar, 'yar wayar nan ce mai tsagaggen gilashi.

Tsohuwar na kai an hure ta, an sa mata sabon batir da SSD, wato ma'ajiyar bayanai mai sauri, na ba ƙanwata da ke shirin shiga jami'a. Jiya na same ta tana koyon HTML, yaren rubuta shafukan intanet, a kanta, ta rubuta sunan Inna da manyan haruffa ja. Ranar kasuwar Charanchi mai zuwa zan je da sabon gyaran da muka yi, akwai masu hatsi uku da suka ce in zo da sassafe kafin ciniki ya kankama. Wayar zan sa a aljihu, kwamfutar ta zauna a gida.