Ranar da hannuna na dama ya ƙi ni

Laraba, da dare.

Da hannun hagu nake latsa wannan rubutu, don na dama har yanzu fushi yake da ni. Kwana biyu na yi ina fentin silin ɗin ɗaki, hannu a sama, kai a ɗage. Yau da na farka sai na ji hannun kamar na aro: ya yi nauyi, ya fi ɗan'uwansa sanyi, ƙaramin yatsa da na kusa da shi kamar ana tsira musu allura. Na ɗauki kofi, sai da na tallafe shi da ɗaya hannun.

Da rana na je wurin Yaya, wadda aikinta ke nan, gashin ƙashi. Na miƙa mata hannu, ita kuwa ko kallonsa ba ta yi ba. Gefen wuyana ta danna da babban yatsa, sannan ƙirji, can kusa da hamata. Na yi ƙara.

“Yaya, hannu fa na ce miki!”

“Na ji ka, ƙanena. Hannun ba shi da laifi, hanyarsa aka tare.”

Ta zana mini a takarda. Ashe jijiyoyin da ke kai jini hannu da dawo da shi, da waɗanda ke kai saƙon ji da motsi, duk ta wani ɗan lungu suke bi, tsakanin ƙashin nan da ya miƙe daga gindin wuya zuwa kafaɗa da haƙarƙari na farko. Kafin nan wasunsu sun ratsa tsakanin tsokokin gefen wuya, bayan nan kuma su wuce ta ƙarƙashin wata ƙaramar tsokar ƙirji. Idan tsokokin nan suka wahala suka ɗaure, lungun sai ya ƙara matsewa, kamar an taka tiyon ruwa. Ɗaga hannu sama da kai na tsawon lokaci yana jawo haka, duƙar da kafaɗu gaban kwamfuta ma haka, da rataya jaka mai nauyi.

Abin da ya ba ni mamaki, ta ce a irin wannan matsewar fiye da kashi 90 cikin 100 jijiyar saƙo ce ke dannuwa, ba ta jini ba. Ni da na riga na yanke cewa jinina ne ya tsaya!

Ta sa na ɗaga hannaye biyu kamar wanda aka ritsa, ina dunƙulewa ina buɗewa, wai har minti 3. Ban kai rabi ba na dama ya zube. Ta ce gwajin kaɗai ba ya yanke hukunci, don mai lafiya ma yakan gaji. Amma ta ɗaure fuska ta ce in hannun ya kumbura, ko launinsa ya sauya, ko ciwon ya zo da nauyin ƙirji da haki, kada in tsaya nemanta, asibiti kai tsaye, don yana iya zama gudan jini ko zuciya.

Na dawo na gasa wuyan da tawul mai ɗumi, na dafa bakin ƙofa na miƙe ƙirji a hankali yadda ta nuna mini. Yatsun sun ɗan saki. Ta kuma hana ni kwanciya da hannu a ƙarƙashin kai, ni kuwa tun ina yaro haka nake barci. Silin ɗin yana nan rabi fari, rabi yadda yake, sai mako mai zuwa.