Kuri'ar 'yan majalisa ba ta wasa ba ce

Jiya muna hira da ƙanena ya tambaye ni, Yaya wai wa ka zaɓa a ɗan majalisar wakilai a 2023? Wallahi sai da na yi shiru, don ranar 25 ga Fabrairun nan hankalina kacokan yana kan takardar shugaban ƙasa, sauran biyun, ta sanata da ta ɗan majalisar wakilai, alamar jam'iyya kawai na duba na dangwala, sak kenan. Abin ya tsaya min a rai har yanzu.

Mutum 360 a majalisar wakilai, sanatoci 109, su ne fa ke amincewa da kasafin kuɗi da dokar haraji da bashin da gwamnati za ta ciwo, sanatoci kuma su tantance ministoci, amma mu duk rigimarmu a kan kujera ɗaya take. Wanda na zaɓa ɗin ma tuni ya sauya sheƙa bai tambayi kowa ba, alhali sashe na 68 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce kujerar ta tafi sai in jam'iyyarsa ce ta rabu gida biyu ko ta haɗe da wata. In Allah ya kai mu 2027 sai na san mutum da ƙudurorin da ya kawo kafin in dangwala masa, ko ɗan wace jam'iyya ne.